Jifan Auduga

Ɗakin wankin ƙoda yana can ƙarshen barandar asibitin, kuma duk wanda ya saba shigarsa zai gaya maka lokaci a ciki ba ya tafiya irin ta waje. Kujeru ne masu kwanciya a jere, kowace da na'urarta a gefe tana gurnani ƙasa-ƙasa, jini na fita ta wannan siririn tiyo yana komawa ta wancan. Mutum zai kishingiɗa tun hantsi har rana ta karkata, hannu ɗaya a ɗaure da allura, shi ba mai barci ba, shi ba ido biyu ba.

Bakanike, mai kujerar jikin taga, ya fi kowa iya wannan zama. Da zarar Sista ta kunna masa na'ura, sai ƙarar ta koma masa ta injin da aka tayar aka bari yana ɗumi, rufin ɗakin ya koma kwanon garejinsa. Kuma kullum a wannan garejin na cikin kansa ruwan sama ake yi. Ba abin mamaki ba ne, don ruwan da likita ya yarje masa ya sha a yini bai cika ƙaramar gora ba. Mutumin da a da yake kafa kai a bokiti yanzu ƙanƙara yake tsotsa kamar alewa.

Wasan da ake yi a ɗakin kuwa Hedimasta ne ya ƙirƙiro shi, wani tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Ya ce tunda Allah ya tara su a inda ba mai iya tashi ya mari wani, to kowa ya fito da ra'ayin da yake ɓoyewa don gudun bakin mutane. Sai ka fara da cewa “Ku jefe ni,” sannan ka faɗi abinka. Wanda bai yarda ba ya dunƙule auduga da hannunsa mai 'yanci ya wurgo maka. Doka ɗaya ce: sai wanda allura ta huda wa hannu ne zai yi magana, 'yan rakiya nasu ido. Sista tun tana faɗan ɓarnar auduga har ta gaji ta koma ajiye wa kowa ɗan rabonsa a hannun kujera.

An ji abubuwa a ɗakin nan, wallahi. Mai Gwanjo, wata dattijuwa mai sayar da tufafi a kasuwa, ta taɓa cewa babu jaririn da ake haifa da kyau, duk masu zuwa barka ƙarya suke shirgawa, kuma ita nata biyar ɗin ma haka suka zo kamar an jiƙa tsumma. Ranar ta sha jifa har a ɗankwali. Hedimasta ya ce aikin gida da malamai ke ba yara horon iyaye ne kawai, shi ma da yake bayarwa bai taɓa dubawa ba. Bakanike nasa ba ya wuce na mota: wai mai wanke mota kullum ya fi kowa ƙin canza mata baƙin mai.

Amma kwanan nan Bakanike ya rage magana, kuma kowa a ɗakin ya san dalili. Autarsa, wadda ke aiki a gidan burodi, ta je a ɓoye an gwada jininta, likita ya ce ƙodarta za ta yi masa. Ya kuma faɗa musu ba tare da kwana-kwana ba cewa zuciyar tsohon ta fara gajiya da na'ura, idan za a yi dashe a yi shi yanzu, don nan gaba jikin ba zai ɗauki tiyata ba. Bakanike ya ƙeƙasa ƙasa ya ce allambaram. Yayyenta sun yi lallashi, ƙaninsa ya yi faɗa, duk ya yi kunnen uwar shegu da su. Ita kuwa Auta ba ta sake ɗaga maganar ba. Tana tashi daga aiki za ta zo ta zauna a kujerar roba kusa da ƙafafunsa, ƙamshin burodi na tashi daga mayafinta, ta gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Wannan shirun nata ya fi damunsa fiye da duk surutun sauran.

Ran nan hadari ya haɗu tun safe, ɗakin ya yi duhu-duhu mai sa kasala. Mai Gwanjo ce ta buɗe wasa. Ta ce a jefe ta, amma yawancin masu zuwa dubiya kansu suke zuwa dubawa, su ga sun fi ka lafiya su koma gida da godiya. Auduga biyu kawai ta samu, don maganar ta yi kama da gaskiya. Sista, wadda aka yi wa sassauci saboda allura ta sha soke ta a bakin aiki, ta ce ba kowane marar lafiya ne abin tausayi ba, wani mugu ne tun yana da lafiya, ciwo bai ƙara masa komai ba sai dama. Aka yi mata ruwan auduga tana dariya tana karewa da faranti.

Sai aka zo kan Bakanike. Ya daɗe yana kallon rufi, har aka ɗauka ya tafi garejinsa. Sannan ya yi magana, ba tare da ya dubi inda 'yarsa take ba.

“Ku jefe ni. Ba a ciro kaya daga sabuwar mota a ɗaura wa tsohuwa. Duk bakaniken da ya yi haka azzalumi ne, ko da mai motar ce ta roƙe shi. Ba don su zame mana kayan gyara muka haife su ba.”

Mai Gwanjo ta sunkuyar da kai tana murza audugarta. Sista ta sami abin gyarawa a jikin wani tiyo da ba abin da ya same shi. Can sai ga auduga ɗaya ta taso daga kujerar Hedimasta, ta faɗi a tsakiyar ɗaki don hannun ba ƙarfi.

“Ni nawa 'ya'yan uku ne,” in ji Hedimasta, muryarsa ba irin ta kullum ba. “Ko gwajin ba wanda ya zo.”

Ya ja bargo ya rufe fuska. Jikin Bakanike ya yi sanyi, amma taurin kai bai bar shi ya nuna ba. Ya lumshe ido don kada ya ga kowa. A daidai nan ruwa ya sauko, na gaske wannan karon, yana dukan gilashin taga, kuma kafin Bakanike ya ankara har ya tafi garejinsa.

Ga shi kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar akori-kura, bayansa a kan kwali, ruwa na kiɗa a kan kwano, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraye da na baƙin mai. Ba ya jin ƙishi ko kaɗan. Daga inda yake ba ya ganin komai na duniya sai wasu 'yan ƙafafu biyu cikin silifas ɗin da ya yi musu yawa, suna tsaye kusa da akwatin kayan aiki. Auta ce, lokacin ko makaranta ba a sa ta ba, shekarar da uwarta ta rasu yake tafiya da ita gareji don ba mai riƙe ta. Ya zuro hannu waje, tafin a buɗe, ya ce, “Miƙo, Auta.” Sai ya ji ƙarar ƙarafa, ta yi ta lalube, ta ɗora masa wani abu mai sanyi. Ba sifanar da yake nema ba ce, ba ta taɓa zama ita ba. Wani lokacin filaya ce, wani lokacin ma murfin gwangwani. Ya ja hannun ciki, ya ƙwanƙwasa abin a jikin ƙarfe don ta ji, ya ce madalla, aiki ya yi kyau. 'Yan ƙafafun suka yi tsalle. Shi kuma ya lallaɓa ya jawo sifanar da ya ɓoye a gefen cinyarsa.

Gardama ce ta dawo da shi. Auta ta miƙe tsaye tana cewa ita ma tana da ra'ayi, Mai Gwanjo na tuna mata doka. Sai ta naɗe hannun riga ta nuna ɗan tabon da allurar gwaji ta bar mata a lanƙwasar hannu. Hedimasta ya yaye bargo ya leƙa, ya yanke hukunci cewa huda huda ce, a bar yarinya ta yi magana.

Ba ta ɗaga murya ba. Mahaifinta take kallo, ko ƙiftawa babu.

“Ku jefe ni. Iyaye sun iya bayarwa, ba su iya karɓa ba, kuma wannan ba tausayi ba ne, girman kai ne. Kowa na cewa na yi ƙoƙari, na yi jinƙai. Ƙarya ne, kaina nake so. Ban shirya zama marar uba ba, Baba, kuma ba wanda ya tambaye ni.”

Ta goge ido da bakin mayafi.

“Da ina yarinya kome na miƙo maka karɓa kake yi. Ka ɗauka ban sani ba? Ina hango sifanarka a gefen ƙafa. Na san ba abin da kake nema nake ba ka ba, amma kana karɓa ka ce madalla. Yau da na samo daidai wanda kake nema, shi ne ka janye hannu.”

Ba wanda ya jefe ta. Mai Gwanjo kuka take yi a fili, tana share hanci da audugar wasan. Bakanike ya ji kunya ta rufe shi, ya ji tsoro kuma, tsoron wuƙar da za a sa a jikin yarinyar nan saboda shi, wanda duk zancen motocin nan dama shi yake rufewa. Shekara da shekaru yana alfaharin ya yi wa ƙaramar yarinya wayo, ashe ita ce take rufa masa asiri. Audugar da ya dunƙule tun ɗazu tana nan a hannunsa, har ta jiƙe da gumi. Ya dube ta, ya sake ta ta gangara ƙasa.

Ruwa na ta zuba a jikin taga, na'ura na ta gurnani. A hankali ya zuro hannunsa mai 'yanci gefen kujera, tafin a buɗe.

“Miƙo, Auta,” ya ce.

Ta matso ta ɗora hannunta a ciki. Da ɗumi hannun, kuma akwai sauran fulawa a gefen farcenta. Ya riƙe shi da kyau. Sannan ya juya kai wajen Sista, wadda ke tsaye da faranti ta manta abin da ta zo yi, ya ce in ta ga likitan nan mai tiyata ta gaya masa yana son ganinsa.