Shanyar Allon Shekari

Tun daga tagar bas Mubina ta hango rigar. Mai ratsin ja da fari, an baza ta a kan ƙarfen baranda, an danne wuyanta da dutse don kada iska ta ɗauke. A duk layinsu na unguwar Glenwood, a nan ƙasar Turawa, babu mai shanya a waje, kowa cikin na'ura yake jefa wankinsa. Ta yi murmushi. Sati biyu ke nan da zuwan mahaifiyarta, Hajiya Daso, daga Kano, kuma a cikin sati biyun nan babu abin da bai sha rana ba a gidan: katifa, filo, barkono, har littattafan da Mama ta ce suna warin sanyi.

Sai da ta sauka ta yi taku uku murmushin ya ɗauke. In Mama ta ga jiƙaƙƙiyar riga ta shanya, to ai ba rigar kaɗai Mubina ta shigo da ita a jiƙe da safe ba. Akwai allon.

Allon ba nata ba ne. Na Anti Liyatu ne, wata dattijuwa 'yar Kafanchan da ke zaune a bayan titin Gate City Boulevard, wadda ta riƙe Mubina kamar 'ya tun ranar da suka haɗu a shagon kayan miya. Mijinta, marigayi Shekari, wanda take kira Baban Eric, shi ya ƙera shi da hannunsa a gareji, shekara biyu yana yi. Irin allon nan ne da ake tsayuwa a kai a tuƙa da dogon filafili, tsawonsa ya kai na mutum biyu. Da siraran katako ya haɗa shi, ɗaya bayan ɗaya, a kan haƙarƙarin katako kamar na kifi, cikinsa kuma babu komai sai iska. Sau huɗu kacal ya hau shi kafin ciwo ya kwantar da shi.

Mubina ɗinkin tufafi take karanta a jami'a, kuma aikinta na ƙarshe kayan wanka ne na mata. Anti Liyatu ce ta kawo mata dabarar ba tare da ta sani ba. Wata tsohuwa da Anti take aikin jinyarta a unguwar Irving Park ta ba ta wani akwati cike da kayan wankan teku na uwarta da kakarta, Anti ta ce ita me za ta yi da su, ta turo wa Mubina. A can ƙasan akwatin, ƙarƙashin masu ɗamewa da gajerun siket, Mubina ta tarar da wata riga ta ulu mai faɗin kwala irin ta matuƙan jirgi, da wandonta har ƙasan gwiwa. Ta daɗe tana jujjuya ta. Ashe kakannin waɗannan mutane sun fi su rufe jiki. Ta kwaikwayi yankan, ta tsawaita hannu da ƙafa, ta yi da yadi marar shan ruwa, ta ƙara hula mai rufe gashi. Saura hoto. Malamarta ta ce a ɗauka a kan ruwa.

Kwana uku tana shirya yadda za ta roƙi aron allon, ta kasa. A ƙarshe Anti ce da kanta ta ce, "Ke yarinyar nan, kina ta kallon garejina kamar an ɓoye miki miji a ciki. Ɗauki." Amma kafin su ɗora shi a motar ƙawarta Salwa, Anti ta kama hannunta ta ɗora yatsanta a kan wani ɗan marfin tagulla da ke kusa da hancin allon.

"Wannan ne numfashinsa. Za ki shiga ruwa, ki ɗaure shi tam. Kin fito, ki kwance. In kika bar shi a rufe a cikin zafi, iskar ciki za ta kumbura, ta tsaga shi daga ciki. Baban Eric ya ce babu gam ɗin da zai mayar da shi. Kin ji ni?"

"Na ji, Anti."

Ta ji ɗin. Da sassafe ta ɗaure shi tam a bakin tafki, har da gefen tsabar kuɗi ta ƙara murɗawa. Ta tsaya a kan allon kanta a sunkuye, Salwa na ta ihu daga gaɓa, "Ɗaga kai mana! Kamar wadda aka aika kiran mutuwa!" Sun sami hotunan. Sun dawo a makare, suka jingine allon a inuwar falo, ta jefa rigar a bokiti, ta ruga aji. Marfin bai ko faɗo mata a rai ba.

Yanzu ƙarfe biyu da rabi ne, watan Yuli, kwalta har wani babbakewa take yi.

Mubina ba ta taɓa gudu a titi ba tun da ta zo ƙasar nan. Ba ta son a kalle ta. Yau ta yi, jaka na dukan bayanta. Ta tura ƙofa. Falo wayam, sai wani dogon sawu a kafet, alamar an ja abu mai nauyi a kan bargo zuwa ƙofar baya.

Yana can a tsakiyar fili, inda ko inuwar waya babu. An ɗora shi a kan kujeru biyu, an kife shi, hancinsa ya ɗan sunkuya ƙasa. Rana ta zauna a kansa sosai, yana ta ƙyalli kamar an shafa masa zuma. Ta taɓa, ta janye hannu. Ta durƙusa tana bin layin katakon da ido, ɗaya bayan ɗaya, tana neman tsaga. Idonta ya cika da ruwa har layukan suka haɗe. Ta so ta ɗaga shi, ta ji tsoron kada motsin ya zama shi ne na ƙarshe. Ta so ta watsa masa ruwa, ta tuna yadda kofin gilas mai zafi yake yi in ya ji sanyi.

"Mama!" ta kira. Shiru. Ta taga ta hango ta a kan darduma, ta tayar da salla.

A daidai lokacin ta ji tsayuwar mota a gaban gida, da ƙarar ƙofar nan mai kukan tsatsa da ta sani. Anti Liyatu ta ce sai ƙarfe huɗu za ta zo ɗaukar allon. Ga ta tun uku saura.

"Masu gida! An tashe mu da wuri yau, tsohuwata 'ya'yanta sun zo." Ta zagayo ta gefen gida da kayan aikinta shuɗaye, leda a hannu. "Na ga tutarku a baranda. Ke, rigar nan ta yi kyau, kamar alewar..."

Ta ga allon. Ledar ta sauka ƙasa a hankali.

Mubina ta miƙe. Akwai hanyoyi da yawa na fara maganar, kuma duk sun bi ta kanta a lokaci ɗaya: ba ni na fitar ba, Mama ba ta sani ba, mun makara. Ta haɗiye su duka.

"Anti, ban kwance marfin ba. Na manta. Tun safe yake a ɗaure."

"Tun ƙarfe nawa yake a nan?"

"Ban sani ba. Ina makaranta."

Anti Liyatu ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta matso, ta tsaya a gefen allon, hannunta a sama da shi ba ta taɓa ba. Leɓenta na motsi. Sai ta cire ɗankwalinta ta naɗe a tafin hannu.

"Kama can. A hankali. Kada ki girgiza shi."

Mubina ta naɗe hannunta da gefen mayafi. Suka ɗaga, suka taka kamar masu ɗauke da marar lafiya, har ƙarƙashin bishiyar da ke jikin katanga. Suka juya shi a kan ciyawa, fuskarsa sama. Mubina ta rufe ido.

"Ke," in ji Anti. "Kin ce a ɗaure yake?"

Ta buɗe ido. A kusa da hancin allon, inda tagullar take, babu komai sai ɗan rami baƙi, a buɗe.

Anti ta bi gefen allon da tafin hannu tun daga hanci har wutsiya, ta dawo ta ɗaya gefen. Ta ƙwanƙwasa nan, ta ƙwanƙwasa can, tana kasa kunne. Sannan ta zauna daɓas a kan ciyawa, ta saki wani dogon numfashi.

"Lafiyarsa ƙalau. Na gode Allah. Ko ƙwarzane babu."

Mubina ita ma ta zauna. Dariya da kuka suka zo mata tare, ta rasa wanda za ta fara.

"A'a, Maman Eric, sannu da zuwa. A ƙasa kuke zaune kamar masu tsintar gyaɗa?" Hajiya Daso ce ta fito, carbi a hannu. Ta dubi kujerun, ta dubi allon. "Wa ya ɗauke mini shanyata? Bai gama bushewa ba."

"Hajiya, ina wuni. Ke kika cire marfin?"

"To da wa? Ai ina shara na ture shi, na ji ruwa na ƙara a cikinsa, ƙulun-ƙulun. Ba shi da yawa, bai fi rabin kofi ba. Na duba na ga bakinsa, na sa wutsiyar cokali na murɗe. Wanda ya ɗaure shi kamar da gaba ya ɗaure." Ta harari Mubina. "Na kife shi ya tsiyaye."

"Mama, wa ya gaya miki ana buɗewa?"

"Sai an gaya mini? Ke kin manta ni 'yar Wudil ce? Babana da gora yake kamun kifi, ƙatuwa, ya kwanta a kai ya bi kogi. In ya fito, mu ke wanke ta. Wata rana yayata ta bar ta a rana da toshiyar bakinta, muna cikin ɗaki muka ji fau! Ranar ta sha duka, har ni da ban yi komai ba na samu rabona. Wannan ma ai gora ce, doguwa ce kawai, an yi mata gayu."

Anti Liyatu ta fashe da dariya har tana dukan cinya. "Gora! Hajiya, shekara biyu mijina yana kallon bidiyo, yana aunawa da ruloli, ke kin ce gora!"

"Ai ban raina ba. Wanda ya yi ta ya iya. Na duba haɗin, ko allura ba za ta shiga ba. Sai dai robar bakin nan ta mutu, ta nan ruwan ya bi. A sake ta."

"Zan sake. Da ya kwana da ruwan nan a ciki, da ruɓewa zai fara ban sani ba." Anti ta share ido. "Amma Hajiya, don Allah, a inuwa ake shanya shi. Rana tana cin man jikinsa."

"A inuwa," Mama ta maimaita, kamar an ce mata a dafa tuwo da ruwan sanyi. "To. Ƙasarku ce." Ta juya ga Mubina. "Ke kuma, da kike ce mini ɗinki kike koya, ashe har da tuƙin kwalekwale? Wancan kayan 'yan ƙwallon da na shanya, shi kika sa?"

"Shi ne, Mama." Ta sunkuyar da kai. "Irin na da ne. Na kakannin Turawa."

"Hm. Ashe sun taɓa yin kunya." Ta ja carbinta. "Ɗinkin hammatar ya yi. Ba zai ci mutum ba."

A bakin Mama wannan yabo ne babba, Mubina ta sani, ta ji kunnuwanta sun yi zafi.

Mama ta kamo bakin zanenta, ta fara kwance wani ɗan ƙulli da haƙori. Marfin tagullar ya faɗo a tafinta. Ta miƙa, amma Anti Liyatu ba ta gani ba. Ta sunkuya a kan allon, ta kai fuskarta kusa da ramin. Mubina ma sai a lokacin ta ji: wani ƙamshi mai ɗumi yana fitowa daga ciki a hankali, na ɗanyen katako da aka fere yanzu.

"Ƙamshin itacen al'ul," in ji Anti, ba da kowa take ba. "Haka rigarsa take yi in ya shigo cin abinci. Shekara uku allon nan yana gareji, a sanyi. Ban taɓa ji ba."

Ta ɗora kumatunta a kan katakon, ta lumshe ido.

Mubina ta buɗe baki za ta sake ba da haƙuri, Mama ta girgiza mata kai. Ita ma Mama shekararta shida da rasa nata mijin. Ta tsaya kaɗan tana kallon bayan Anti, sannan ta sunkuya ta ajiye marfin a kan ciyawa, daidai inda hannu zai same shi. Ta ɗauki kujera ɗaya a kowane hannu, ta taka a hankali, ta shige gida.