Bulala Goma Sha Biyu a Gwiwar Antun

Mijina Antun, Allah ya ji ƙansa, bakinsa ne ya ja wa gwiwarsa. A kasuwa, gaban masu sayar da masara, ya ce ganyayen da yayarsa Loxa ke ba mutane abincin awaki ne. Loxa kuwa ita ce mai maganin ƙauyenmu. Maganar kuwa ta kai kunnenta.

Saura kwana huɗu bikin waliyyin garinmu, shekarar da aka zaɓi Antun cikin masu ɗaukar mutum-mutumin waliyyin a kafaɗa, sai gwiwar hagu ta kumbura kamar kabewa. Shekara tara yana jiran wannan girma. Ya sha ƙwayoyin kanti, ya shafa man zafi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na tasa shi gaba sai gidan Loxa, yana ɗingishi yana mita.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Akuya ce ta zo kiwo?"

"Yaya, ki taimaka."

Ta ce ai ba ita ya zaga ba. A wajenmu ba a tsinkar ganye sai an gaishe shi, an faɗa masa sunan mai ciwo, an roƙi izini. Ta nuna masa chichikaste a gindin shinge, ganyen nan mai harbi kamar rina, ta ce ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Ya durƙusa da ƙyar ya yi ƙus-ƙus. Ta ce ganyen ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi. Ya ɗaga murya, har maƙwabta suka leƙo ta saman shinge.

Sannan ta naɗe hannu da tsumma, ta karyo reshe, ta shiga tsula wa gwiwar. Haka ake yi wa ciwon gaɓoɓi, kowa ya sani. Ina ƙirgawa: goma sha biyu. Antun ya kira sunan waliyyai har da waɗanda ba na garinmu ba.

Ranar biki ya ɗauki waliyyi tun daga ƙofar coci har dandali, ƙafa garau.

Da yamma muna gasa wainar masara na tambayi Loxa ko dole ne sai sha biyu.

"Uku ake yi," in ji ta, tana juya waina. "Taran na awaki ne."

Shekara talatin muka ƙara tare da Antun, ban taɓa gaya masa ba.