Takarda a Fuskar Inna

"Ajiye tsumman nan, Tela! Ko so kike ki rasa uwarki sau biyu?"

Tela ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Tsohon maƙwabcinta, wanda unguwa ke kira Likitan Hoto, a kwance yake bisa gado, amma idonsa na kan tebur. Nan hoton yake a shimfiɗe: mahaifiyarta ce, an zana ta da fentin mai a kan ƙyalle, kuma duk duniya ba wani hotonta sai shi. Damina ta yi masa aika-aika. Ruwa ya bi bango ya shiga ta bayansa, fumfuna ta tsiro a wuya, fentin kumatu ya tashi kamar ɓawon gyaɗa.

"Baba, ƙura ce kawai zan ɗan share."

"Wannan ƙurar ita ce kumatunta."

Sati uku hoton ya yi yana shan iska a inuwa, don ya ce rana tsaga shi za ta yi. Shi kuwa tsohon kullum ƙara ramewa yake. Ranar da ya ji dama-dama, ya sa ta tallafe shi zuwa kujera. Ikon Allah! Hannun da cokali ke gagara, da ya kama burushi sai ya daina rawa. Ya shafa gam ruwa-ruwa, ya riƙa ɗora yanka-yankan wata takarda shara-shara, har fuskar Inna ta ɓace.

"Wannan za ta riƙe fentin har ya kwanta. Kwana bakwai. Sannan ki samo ruwan ɗumi da auduga. Ki jiƙa, ki jira, ki ja ta a kwance. In kika ɓare ta a bushe, da fuskar za ta taho."

"Ai kai za ka cire, Baba."

"Ke dai maimaita min."

Ta maimaita. Ya ce ta sake, wai telan da ya san farke ɗinki ba tare da yaga yadi ba bai kamata ya zama mai taurin kai haka ba.

Ran kwana na biyar da hantsi ta kai masa shayi. Ta yi magana a bakin ƙofa, shiru. Ta same shi ya juya fuskarsa wajen tebur, jiki har ya yi sanyi. Ta ja mayafi ta rufe shi, ta fita ta kira maza. Kafin yamma an kai shi makwanci. Mutuwar ta dake ta ƙwarai, shekara goma sha tara ke nan yana yi mata faɗa ta saman katanga.

Bayan kwana biyu ɗansa, wanda ya zo daga wani gari, ya shiga kwashe kayan ɗakin. Mutumin kirki ne, sai dai sana'ar uban ko ɗigo bai ɗauka ba. Tela ta shigo da auduga da kwanon ruwan ɗumi a hannu, ta tarar ya sa farce a ƙarƙashin takardar.

"Tsufa ke nan," in ji shi. "Wa ke manna wa hoto takarda?"

"Tsaya! Don Allah ɗage hannunka!"

Ya ɗage, amma gefen takardar ya riga ya tashi da ɗan ɓarin fenti, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Leɓatun kunnen Inna ne. Ta miƙa masa kwanon ba tare da ta dube shi ba.

"Riƙe min."

Ta zauna a kujerar tsohon, ta tsoma auduga, ta matse. Ta jiƙa yanka ɗaya ta jira, har takardar ta yi laushi. Ta kama bakinta da yatsu biyu, ta ja a kwance. Takardar ta taho fara fat, ba ɗigon fenti a jikinta.

Ido ɗaya ya bayyana, na hagu, a jiƙe, yana duban silin.

"Yaya," ɗan ya ce a hankali, "ruwan ya huce. In ɗumamo wani?"

Ta gyaɗa kai. Ya fita da kwanon, ya bar ta ita da idon.