Nauyin da Ba na Ƙofa Ba

Da hantsi wani direba dogo ya jawo ƙaramar tirela har cikin garejin Mai Sifirin. Irin tirelar nan ce mai ƙofar baya da ake kwantarwa ƙasa ta zama hanyar hawa da kaya. A samanta, ta ciki, akwai sifirin naɗe a jikin sandar ƙarfe, da waya hagu da dama. Sifirin ke ɗauke nauyin ƙofar, mutum hannu kawai yake sawa.

"Baba, ƙofar nan za ta karya ni," in ji direban. "Sai mun taru mu biyu muke ɗaga ta, muna nishi."

Ƙanen Mai Sifirin, wanda ke walda a gefe, ya ɗaga tabaransa. "Duk tsawon nan naka na banza ne ke nan? Ko a gida ba a ba ka abinci?"

"Zo ka gwada mana, sarkin ƙarfi."

Mai Walda ya gwada. Ko motsi ba ta yi ba, ya koma kan waldarsa.

Mai Sifirin ya duba katakon ko ya sha ruwa, ya same shi a bushe ƙarau. Waya lafiya, sifirin bai tsage ba. Ya tambayi inda aka samo tirelar. Direba ya ce mai ita ya rasu, magada suka rabu da ita.

Ba a ɗaure sifirin sai ƙofa na rufe, mai gyara yana ciki. Suka rufe shi, suka sa sakata. Rana tsaka, amma ciki sanyi kamar randa. Ya zura sandunansa biyu na ɗaure sifirin yana murɗawa, ya riƙe da wannan, ya ciro waccan. Sai ya ji kamar ana kallon ƙeyarsa. Bai waiwaya ba, don mai riƙe da sifirin in ya waiwaya haƙoransa ne a ƙasa.

Aka buɗe, aka gwada, nauyi na nan. Ya koma ya ƙara. Aka sake gwadawa, ya sake ƙarawa. Shi bai taɓa aiki da lissafi ba, hannunsa ne ma'auninsa, kuma hannun ya ce a ƙara. Ya murɗa sifirin nan har inda bai taɓa kai na ƙofa irin wannan ba.

Daga ƙarshe suka sake ta daidai ƙugu, ta tsaya cak. Direba ya ɗaga ta da yatsa yana dariya. "Baba, Allah ya ƙara lafiya!"

Mai Sifirin kuwa ƙofar yake kallo. Ba iska, ba wanda ya taɓa ta, amma sai ta sunkuya a hankali, katakon bakinta ya yi ƙara. Can kuma ta ɗago, ƙarar ta koma can gindi. Ta sake sunkuyawa. Duk wanda ya yi aikin nan ya san haka ƙofa ke yi idan mutum yana kai da komo a kanta.

Nan ya gane. Ashe ba nauyin ƙofa kaɗai ya ɗaure wa sifirin ba, har da na wanda ke tsaye a kai. Ranar da mai tsayuwar ya ga dama ya sauka, ƙofar za ta tashi kamar tarko, kuma kan direban ne zai fi kusa.

"A rufe ni, zan sassauta," ya ce.

"Haba Baba! Abin da ya gyaru?" Direba ya kwantar da ƙofar ƙasa, ya tsuguna a bakinta yana goge laka da tsumma. "Wallahi ba mai taɓa min ita."

"Ɗana, ɗauke kanka daga nan."

"Yaya, ƙyale shi mana," in ji Mai Walda. "Yau ya zama namiji, kai kuma..."

Maganar ta maƙale. Dukansu suka ji taku a kan katako, mai nauyi, ba gaggawa, yana gangarowa. Ya wuce ta gefen kafaɗar direba. Sai tsakuwar ƙasa ta yi ƙas, ta lotsa.

Bakin ƙofa ya bar ƙasa.

Tsohon ya faɗa kanta da ƙirji, ƙanensa ya bi bayansa. Duk da haka ta ɗaga su, gefenta ya share hular direba ya wurga ta kan rufin kwano. Da goshi ta samu, da sai dai a kira 'yan'uwansa. Direban ya zauna daɓas a ƙasa yana salati, hannu a ka.

Da igiya suka bi da ita sama a hankali, Mai Sifirin yana ciki. Wannan karon zafi ya tarar, irin na kowace tirela da ta sha rana. Ya sassauta, ya yi ta sassautawa, sai da ya mayar da sifirin inda ya same shi da safe. Aka buɗe, ƙofa ta tsaya daidai ƙugu, ko motsi. Dama can ba abin da ya same ta.

Direba bai tsaya neman hularsa ba. Ya ja motarsa, ko waige.

'Yan'uwan suka tsaya a tsakar gareji, ba mai kallon wani. Mai Walda ya share gumi, ya nufi bencin da ke inuwa don ya huta. Yayansa ya riƙo hannunsa.

Tsakiyar bencin tana lanƙwasawa a hankali.