Tagar Hawa Na Huɗu

Ranar Talata na ɗaga wa tsohon nan maƙwabcinmu Siebe hannu, bai ɗago nasa ba. Yana dai zaune a kujerarsa, bakin tagar hawa na huɗu, tsallaken ruwa daga kicin ɗina. Mu nan ba ma sa labule, kowa na ganin falon kowa.

Shekara uku ke nan rabon tsohon da taka ƙasa. Matakalar gidajen nan namu tsani ne kawai aka shafa wa fenti, ina gwiwar ɗan shekara tamanin za ta iya? 'Yarsa Hilke ta gyara hawa ukun ƙasa tana ba 'yan yawon buɗe ido haya. Shi kuwa aka tura shi can ƙarƙashin rufi, inda fatake suke jibge buhuna a zamanin da.

Na kira mijina. "Koos, zo ka gani. Ko motsi bai yi ba."

"Kai, Truus, sarauniyar sa ido! Barci yake. Gayyatarki ya yi?"

Bai gayyace ni ba. A garin nan wa ke buga wa mutum ƙofa ba a sa rana ba? Na koma kan cukun da nake yankawa.

Laraba yana nan yadda yake, kai a karkace. Na buga wa Hilke waya.

"Ayya, Anti Truus, makon nan ba masaka tsinke. Na sa zan leƙa Baba ran Lahadi, ƙarfe uku. Ai akwai abinci a firji."

Na ce to. Ni da bakina na ce to.

* * *

Ranar Asabar baƙin hawa na uku suka yi ƙorafin wari. Aka hau, aka tarar ya rasu. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ya kai Alhamis da ransa. Kwana uku ke nan idonsa na kan tagata, ni ina wanke-wanke.

Akwatin gawa ba ya juyuwa a matakalar. Dole aka ɓalle tagar, aka zura igiya a ƙugiyar ɗaga kaya da ke goshin gidan, aka riƙa sauko da shi a hankali kamar kabad. Hilke na tsaye bakin ruwa tana kuka, kuka na gaske.

Sai ga kwalekwalen 'yan yawon buɗe ido ya zo wucewa. Jagoransu ya nuna sama, yana yi musu bayanin amfanin ƙugiyar. Duk suka ɗaga wayoyi. Wata har da tafi.