Kurkukun da ke Ƙarƙashin Gidan Sarki

Mai yi wa baƙi bayani a tsohon gidan sarki yana nuna sulken wani sarki da ya mutu tun zamanin kakannin kakanni, sai Kaka ta miƙa hannu gefenta ta kamo iska. Jikarta, wadda take kira 'Yar Tsana, ba ta nan.

Ta leƙa bayan gadon sarautar, ta leƙa ɗakin takubba. Ba kowa sai ƙura da warin tsohon gini. Da ta fito tsakar gidan, idonta ya faɗa kan rijiyar nan mai tsohon murfin katako, wanda allo ɗaya ya ɓalle daga cikinsa. Ta zauna a ƙasa. Ɗazu-ɗazun nan yarinyar ta tambaye ta ko akwai kifi a ciki.

Masu gadi suka bazu neman yarinyar. Ɗaya ya haska rijiyar da tocila, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ɗago ya ce duhu ya yi yawa, sai an kawo igiya. Wata mata ta ba ta ruwa, ya zube mata a zani. Wayarta kuma sai ruri take a jaka. Uwar yarinyar ce, wadda da safe ta ce wa Kaka gwiwarta ba za ta iya bin wannan ja'irar ba, ita kuwa ta ce ai ita ta raini uwar ja'irar.

Babban mai gadi ya dawo yana haki. Ya ce sun hau hasumiya, sun sauka har kurkukun ƙarƙashin ƙasa, sun yi ta ƙwala kiran sunanta, ko tari ba su ji ba.

"Ku kuka kira ta?" in ji Kaka.

"Mu mana, Iya. Wa zai kira?"

Ta miƙe. Tun yarinyar na tatata take kafa mata doka: in kin ɓata ki laɓe, kada ki amsa wa muryar da ba ki sani ba, ko da sunanki aka kira.

Matakalar kurkukun tsukakkiya ce, duwatsun sun sha tafiya har sun yi santsi. Kaka, da ko ɗakin ajiyarta ba ta shiga sai ƙofa a buɗe, ta tuɓe takalmi ta dafa bango mai sanyi, tana sauka da mazaunai, mai gadi na haska mata ta baya. A ƙasa sarƙoƙi na rataye. Ta buɗe baki, muryar ta fito kamar ba tata ba.

"'Yar Tsana?"

Can sai wani motsi a bayan ginshiƙi.

"Kaka, ke ce da gaske? Wasu maza sun yi ta kirana. Ban amsa ba."

Kaka ta rungumo ta, tana shafa kai, tana shafa ƙafa, kamar za ta tarar wani abu ya ragu. Ta manta da faɗan da ta tanada.

Mai gadi ya durƙusa ya tambayi yarinyar ko ta ji ciwo. Ta ƙanƙame zanin kakarta, ta ɗaga kai tana kallonta.

Kaka ta dubi mai gadin.

"Wannan kam," ta ce, "amsa masa."