Kunyar Ɗan Fari

Kwalbar ba ta wuce tsawon yatsa ba, amma tun da Likita Nuriyya ta danƙa wa Ubaidullahi ita yake zagaye barandar wani asibiti a Isa, ya rasa ta inda zai shiga ɗakin mahaifinsa da ita.

Alhaji Kalilu, dillalin shanu a kasuwar Sabon Birni, ya kwanta ne da zazzaɓi da tari. An yi masa allurar cizon sauro, an bi da ta taifot, an haɗa da rubutu da sassaƙe, ciwo ya ce bai san zance ba. Ga gudawa, ga sambatu. Da aka kawo shi nan, likitar ta tsare Ubaidullahi da tambayoyin da ba su yi kama da na ciwon ƙirji ba. Ina tsohon yake wuni? Akwai ruwa kusa? Ya ba ta labarin rumfarsu, da fanka mai feshin ruwa da suka sayo a Maraɗi, wadda ke sha daga wani tanki da ke wuni a rana, ba a taɓa wanke shi ba.

Ta ce akwai ƙwayar cuta mai suna Lijiyonela, mai son ruwa mai ɗumi da ya daɗe a ajiye. Shaƙar ta ake yi a cikin feshi, ta sauka huhu. Maganin da aka saba bai cika taɓa ta ba, sawunta kuma a fitsari yake fita. Don haka a samo fitsarin Alhaji a aika Sakkwato, kafin nan za ta fara masa magani bisa zato.

Ita a wurinta magana ta ƙare. Ba ta san Ubaidullahi ɗan fari ne ba. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba, daga "kai" sai "wancan". Shekara da shekaru suna rumfa ɗaya, amma ko farashin bijimi ta bakin wani suke gaya wa juna. Yau kuma shi za a ce ya ɗaga wa wannan mutum riga? Ƙannensa suna daji da shanu wajen Turba, hanyar da mahaifiyarsa za ta biyo daga Kurawa kuwa ba ta biyuwa a makon.

Ya dai shiga. Tsohon ya ɗan farfaɗo, numfashi na fita da ƙyar. Ya ga kwalbar, ya gane, ya juya fuska bango.

"Kai, hita da abin ga," ya ce. "In mutuwa ta, bari ta ishe ni da suturata."

Ubaidullahi ya fita. Bai ji haushi ba, bai ji tausayi ba. Tun farkon jinya zuciyarsa ta daskare, abin da aka ce ya yi kawai yake yi. Kansa na sara, jikinsa da ɗumi, ya ce gajiya ce. Ya tsaya bayan ɗakin yana irin dabarar nan ta mutanen kirki, wadda wani lokaci takan fi ta mugu ɓarna. Ai jini ɗaya ne. Abin da ke jikin uba ba zai ɓuya a jikin ɗa ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya shiga makewayi, ya cika kwalbar da kansa, ya kai. Aka liƙa mata sunan Alhaji Kalilu, aka ba direban motar Sakkwato.

Magani ya riski tsohon a makare. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, da suturarsa kamar yadda ya nema. Ubaidullahi ya zauna kan tabarma yana karɓar gaisuwa, ana "sai haƙuri" yana amsawa. Ya nemi hawaye bai samu ba. Tari ne ya zo, busasshe, mutane suka ce kuka ne ya maƙale masa a wuya.

Bayan sadakar uku likitar ta aiko ya zo. Ta yi masa ta'aziyya, sannan ta ce sakamako ya dawo, zatonta ya tabbata, ƙwayar tana cikin fitsarin ƙuru-ƙuru. A kashe fankar, a zubar da ruwan tankin. Ta ƙara da cewa wannan ciwo ba ya son jinkiri, kwana kaɗan ne ke raba mai tashi da mai tafiya.

Ubaidullahi ya zauna yana kallon takalminsa. Ya jira tsoro, shi ma bai zo ba. Kunya ce ta zo, ita da ba ta taɓa makara a gidansu ba. Da wane baki zai gaya wa mace abin da ya yi a makewayi, ya kuma tona cewa ubansa ne ya ƙi? Ya miƙe, ya yi godiya, ya kai bakin ƙofa. Nan tari ya riƙe shi, sai da ya dafa bango.

"Likita," ya ce, bai juyo ba. "In da mai hitsarin ga na da rai, mi za ki ba shi?"